Wane Kwaɗo Maganin Feshinmu Yake Buɗewa?



A kowace kasuwar ƙauye, da zarar damina ta kankama, teburin mai maganin feshi ba ya rabuwa da jama'a. Kwalabe ne jere, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowace da hoton tsutsa ko fara a jikinta. Abin da mai saye yake faɗa kusan ɗaya ne ko'ina: a ba shi mai ƙarfi. Ma'aunin ƙarfin kuma biyu ne, wari mai hawa ka, da ganin ƙwari suna zubowa ƙasa tun kafin a sauke injin feshi daga baya.

Ra'ayinmu shi ne wannan ma'auni yana cutar da mu. Yana cinye kuɗin manomi, yana ƙara wa ƙwari taurin kai, yana kai mutane asibiti. Tambayar da ta kamata a yi a gaban teburin nan ita ce: wane wuri wannan magani yake bugu a jikin ƙwaro, kuma mu ma muna da irin wannan wuri a jikinmu? Amsar ba ta fi ƙarfin fahimtar kowa ba, in dai an yi bayaninta da harshen da mutum yake ji.

Yadda saƙo yake tafiya a jikin ƙwaro

Ƙwaro, duk ƙanƙantarsa, yana da ƙwaƙwalwa da igiyar jijiya da ta bi ta ƙasan cikinsa tun daga kai har wutsiya. Duk motsin da zai yi, cin ganye ne ko tashi sama ko neman mace, saƙo ne yake bi ta waɗannan jijiyoyi. A cikin jijiya ɗaya saƙon yana gudu ne kamar wutar lantarki a waya. Abin da yake tura shi gaba wasu ƙananan ƙofofi ne a jikin jijiyar, masu buɗewa su bar sinadarin sodiyam ya shiga, sannan su rufe nan take.

To amma jijiya ba ta manne da 'yar uwarta ba. Akwai ɗan rata a tsakaninsu wanda wutar ba ta iya tsallakewa. Idan saƙo ya iso bakin ratan, sai jijiyar farko ta saki wani sinadari a matsayin ɗan aike. Mafi shahara a cikin 'yan aiken nan shi ne asetilkolin. Yana haye ratan ya sauka a kan wani gurbi da aka yi daidai da siffarsa a jikin jijiya ta biyu. Wannan gurbi shi muke kira makarɓa. Ɗan aiken kamar makulli ne, makarɓar kuma kwaɗo. Makulli ya shiga, kwaɗo ya buɗe, saƙo ya wuce.

Daga nan dole a cire makullin, in ba haka ba ƙofa za ta zauna a buɗe. Saboda haka akwai wani sinadari a cikin ratan wanda aikinsa kawai ya farfasa ɗan aiken da zarar ya isar da saƙo. Mu kira shi mai shara. Akwai kuma wasu makarɓai na daban masu aikin birki, su ne suke kwantar da jijiya kada ta yi ta harbawa ba tsayawa. A ƙarshen tafiyar kuma akwai ƙofar da take cikin tsoka, wadda take sakin sinadarin kalsiyam domin tsokar ta motsa.

Mafi yawan magungunan da ke kan teburin kasuwa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyar suke bugu.

Wurare biyar, hatsari iri-iri

Na farko su ne masu kashe mai shara. Nan ne DDVP yake, wato sinadarin da ke cikin Sniper da yawancin abin da muke kira fiya-fiya. Idan mai shara ya mutu, ɗan aike yana taruwa a rata, jijiya ta yi ta harbawa, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Matsalar ita ce mai sharar da ke jikin ƙwaro kusan irinsa ne a jikin ɗan Adam. Wannan dangin magani ya fito ne daga binciken wani masani Bajamushe, Gerhard Schrader, a shekarun 1930, kuma daga wannan bincike ne aka samu gubar yaƙi ta sarin a 1938. Shi ya sa wanda maganin ya shiga jikinsa yake dalalar da miyau, ya yi ta gumi da hawaye, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. Abin da ya sami tsutsar, shi ne yake samun mutum.

Na biyu su ne masu hana ƙofar sodiyam rufewa. DDT, wanda Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfinsa a 1939 har ya sami kyautar Nobel a 1948, nan yake bugu. Haka ma dangin firetiroid, irin su saifametirin da abin da ke cikin Karate, waɗanda aka kwaikwayo daga sinadarin wani fure da ake nomawa a Kenya. Su ne suke zubar da ƙwari nan take, shi ya sa manoma suke son su. Jikin mutum yana narkar da su da sauri fiye da jikin ƙwaro, amma kifi ba ya jure su ko kaɗan. Mai wanke injin feshi a bakin rafi ko madatsar ruwa ya san da haka.

Na uku su ne makullan jabu, masu shiga makarɓar asetilkolin su ƙi fita. Asalin wannan dabara a ganyen taba take, domin nikotin guba ce da tabar take kare kanta da ita, kuma an daɗe ana jiƙa taba a fesa wa shuka. Masana sun sake fasalin wannan makulli ta yadda zai fi kama kwaɗon ƙwaro nesa ba kusa ba a kan na mutum. Na farko da ya yi suna shi ne imidakulofirid, wanda kamfanin Bayer ya fitar a farkon shekarun 1990. Ɗan uwansa yana cikin garin Apron Star da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Shuka tana tsotse maganin, ya bi ruwan jikinta, duk ƙwaron da ya tsotse ta ya sha.

Na huɗu su ne masu taɓa birki. Fifironil, wanda ake amfani da shi a kan gara da fara, yana toshe birkin. Abamektin kuma yana danne shi har ƙwaro ya shanye. Abin sha'awa a nan shi ne ɗaya daga cikin makarɓan da abamektin yake kamawa ƙwari da tsutsotsi ne suke da ita, babu ita a jikin mutum ko saniya ko kaza. Wannan ne ya sa ɗan uwansa, aibamektin, ya zama maganin da ake raba wa mutane su haɗiya saboda cutar makanta ta bakin kogi, har waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, suka sami kyautar Nobel a 2015. Wannan bai mai da abamektin na gona abin wasa ba, yana da nasa hatsarin in ya yi yawa a jiki. Amma ya nuna abin da ake samu idan aka nemo kwaɗon da ya bambanta da namu.

Na biyar su ne sababbin shiga, masu buɗe ƙofar kalsiyam ta cikin tsoka, kamar abin da ke cikin Coragen da Ampligo. Tsutsa tana daina ci cikin ɗan lokaci, amma tana iya kwana biyu kafin ta mutu. Manomin da ya saba da ganin gawa nan take sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali ɓarnar ta riga ta tsaya.

Abin da ya riga ya faru da mu

Wannan bayani ba na ɗakin gwaji ba ne kawai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, namu kuwa ya zarce haka ninkin ba ninkin. Turawa sun rufe ƙofarsu, mu kuma muka ci gaba da dafa waken nan, muna yin ƙosai da alala da shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni bayan yawaitar asarar rayuka, amma har yau ba wuya a same shi a ɗakin kwana ana korar sauro da shi.

A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalin tsutsar daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta gangaro. A wannan shekarar ta 2016 ne kuma aka fara tabbatar da sabuwar tsutsar masara mai cin zuciyar shuka a Afirka ta Yamma, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Manoma sun yi ta feshi, suna ninka murfi, suna gauraya kwalba biyu da uku, tsutsa tana ci gaba da cinta. Dalili ɗaya shi ne tana ɓuya a cikin ganye ko zuciyar kara inda maganin ba ya kai. Dalili na biyu shi ne baƙin nan sun zo da kakanninsu sun riga sun sha tsofaffin magunguna a wasu ƙasashe shekara da shekaru.

Yadda ƙwaro yake canza kwaɗo

A cikin dubban tsutsotsi a gona ɗaya, ba a rasa ƙalilan da aka haife su da kwaɗo mai ɗan bambancin siffa, ko da jiki mai saurin narkar da guba. Idan aka yi feshi, sauran sun mutu, waɗannan sun tsira, su ne za su hayayyafa. Sharon tana iya yin zuriya goma ko fiye a shekara ɗaya a wuri mai zafi. Idan makulli ɗaya aka yi ta sa wa, kafin a yi noman rani biyu ko uku gonar ta cika da jikokin masu sabon kwaɗo.

Nan ne sunan kwalba yake yaudarar mu. Manomi ya ga magani ya daina ci, sai ya koma ya sayo wani mai sabon suna da sabon hoto. Bai san sinadarin ciki ɗaya ba ne, ko kuma dangi ɗaya ne masu bugu a wuri guda. Ya canza riga ne, mutumin yana nan. Tun 1984 akwai wani kwamiti na masana da kamfanoni mai suna IRAC, wanda ya raba magungunan ƙwari rukuni-rukuni bisa wurin da suke bugu, ya ba kowane rukuni lamba. Masu kashe mai shara lamba 1 ne. Fifironil 2. DDT da firetiroid 3. Makullan jabu na dangin nikotin 4. Abamektin 6. Masu taɓa tsoka 28. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada a bi zuriya biyu na ƙwaro a jere da lamba ɗaya. Wanda bai iya karanta dogon sunan sinadari ba zai iya gane 3 daga 28.

Wannan magana ta wuce gona. Maganin da ke jikin yawancin gidajen sauro da ake rabawa kyauta na rukuni na 3 ne, irin wanda ake kwarara wa auduga da kayan lambu. Sauron da ya ƙyanƙyashe a ruwan da ya gangaro daga gona ya fara haɗuwa da maganin tun yana tsutsa. Binciken da aka yi a yankunan noman auduga na Burkina Faso da Benin ya nuna alaƙa tsakanin feshin gona da taurin kan sauro. Wannan taurin kai ne ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sababbin gidajen sauro masu haɗe da wani sinadari na daban. Ashe yadda ake feshi a fadama yana da hannu a zazzaɓin da yake kama yaro a cikin gari.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai hujjoji uku da ake kawowa, kuma ba ma raina ko ɗaya.

Ta farko ita ce tsada. Gaskiya ne, 'yar ƙaramar kwalbar sabon magani tana iya fin litar tsoho kuɗi, manomi kuma da abin da ke aljihunsa yake aiki. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Feshi shida da maganin da tsutsa ta saba da shi, da kuɗin mai feshi sau shida, da amfanin da ya lalace duk da haka, a kwatanta da feshi biyu a kan lokaci. Araha ba ta ado. Inda hujjar take da ƙarfi shi ne wajen jabu, domin mai tsada ne aka fi kwaikwaya, kuma wannan aikin hukuma ne, ba laifin manomi ba.

Ta biyu ita ce zuma. Maganin da ya bar mutum lafiya saboda ya fi son kwaɗon ƙwaro, ai ƙudan zuma ma ƙwaro ne, kwaɗonsa irin na ɗan uwansa ne. Dangin nikotin suna bin ruwan shuka har cikin fure, kuma ko da bai kashe ƙudan zuma ba yana iya rikita shi ya kasa gane hanyar amya. Saboda haka ne a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili. Wannan hujja daidai take, kuma tana ƙarfafa maganarmu ne. Sai wanda ya san inda magani yake bugu ne zai san kada ya fesa shi a kan kabewa ko kankana ko mangwaro lokacin da suke fure, kuma ya bari sai yamma lis bayan zuma ta koma gida. Haka nan akwai ƙwari masu cin ƙwari, irin su zanzaro da gizo-gizo, waɗanda suke yi wa manomi aiki kyauta. Magani mai kashe kowa da kowa yana share su, sai darɓa ta dawo ta tarar babu mai tsare ta.

Ta uku ita ce masu cewa a watsar da sinadarai gaba ɗaya a koma ga na gargajiya. Muna tare da su rabin hanya. 'Ya'yan dogon yaro suna da sinadarin da yake hana ƙwaro ci da saɓa, kuma ba ta jijiya yake bi ba. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masu bincike na Nijar da Nijeriya tun daga 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, babu ɗigon magani. Duk wanda zai ajiye wake ba shi da uzurin zuba masa fiya-fiya. Irin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 yana ɗauke da sinadarin da yake kama makarɓa a hanjin tsutsar wake, ya rage yawan feshi, ko da yake akwai masu adawa da irin da aka sauya wa halitta, kuma wannan muhawara ce ta wani makon. Amma ranar da tsutsa ta sauka a kan kadada biyar ta masara, ruwan dogon yaro kaɗai ba zai tare ta ba. Za a yi feshi. Tunda za a yi, gara a yi da sani.

Kuma kada mu ɗauka sababbin ba sa gazawa. An riga an samu sharon mai jure rukuni na 28 a Italiya da Burazil. Duk makullin da aka matsa wa, ƙwaro zai canza masa kwaɗo.

Abin da muke nema

Muna neman hukumar da take yi wa magungunan nan rajista ta wajabta buga lambar rukuni da babban baƙi a gaban kowace kwalba, tare da gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, a kan duk maganin da za a sayar a ƙasar Hausa. Wasu kamfanoni sun fara sa lambar, amma ƙarama ce a lungu, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa mai saye amfaninta.

Muna neman a koyar da masu shagon magani kafin a ba su izini, domin su ne malaman gona na gaskiya a yawancin ƙauyuka. Malamin gona na gwamnati ɗaya ne ga dubban manoma, mai tebur kuwa yana nan kowace ranar kasuwa.

Muna neman a raba rukuni na 1 da ɗakin kwana da rumbu da buhun abinci. Idan kuma tsautsayi ya faru, a cire wa mutum tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Akwai allurar atirofin da likitoci suke amfani da ita, kuma ganin kwalbar yana taimaka musu su san abin da suke yaƙa.

Mu da muke riƙe da alƙalami muna da namu kason. Kalma ɗaya muke da ita, magani, ita ce ta ciwon kai, ita ce ta kashe tsutsa, kuma wannan kaɗai yana rage wa mutum tsoron kwalbar. A labaranmu fiya-fiya ba ya fitowa sai za a zuba wa kishiya ko an hana yarinya wanda take so. Ba mu cika ganin saurayin da yake feshin ƙwadago ba takalmi ba safar hannu, iska tana maido masa da maganin a fuska, ko uwar da take aunar wake ba ta san abin da aka zuba masa ba. Mutanen nan suna cikin danginmu, kuma labarinsu bai gaza na soyayya nauyi ba.

Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, makarɓa da mai shara da makullin jabu, ba mu ce su ne na ƙarshe ba. Wanda yake da waɗanda suka fi su, musamman 'yan uwanmu da suka karanci aikin gona ko haɗa magunguna, ya kawo mu gyara tare. Wanda kuma yake da kwalbar feshi a gida, ya juya bayanta ya duba ko akwai lambar rukuni, ya faɗa mana abin da ya gani da garin da ya saye ta.

Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya ba mu damina mai albarka.